Kafin a sayo mana batirin haidurojin, a hau rufin likitarmu a duba

Daren Asabar da ta wuce muna zaune a fada nan Ƙonni, shayi na biyu yana kan gawayi, sai kuran ya tafi kamar yadda ya saba. Babu wanda ya ko ɗaga kai. Wani ƙanenmu ne ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, dubi wannan don Allah." Bidiyo ne na wani farin akwati mai kama da babban firigo, an girke shi bayan wani ginin gwamnati a wata ƙasar waje. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ɗan ruwa da ke ɗiga ta wani bututu. Yaron ya ce, "Ka ga abin da ya kamata a sa a mairi da asibiti da dukan ma'aikatunmu. Gurup mai aiki da ruwa! Mu huta da gazuwal, mu huta da jiran Najeriya."

Gardama ta kaure har shayi na uku ya huce. Ni dai ban ga laifin yaron ba, don na san inda zafin nasa ya fito. Amma na gaya masa, kuma ina maimaitawa a nan: na'urar gaskiya ce, tana aiki, sai dai idan aka ce yau za a kashe kuɗin talakawa a cika ma'aikatun Ƙonni da Malbaza da Illela da ita, ni ina cikin waɗanda za su ce a dakata.

Bari in fara da inda muka yi tarayya da shi. Duk wanda ya zauna a yankin nan a watan Agustan 2023 ba ya bukatar a yi masa bayani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da NIGELEC ke rarrabawa. Mu nan jihar Tawa, tare da Maraɗi da Damagaram, layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa shi ne babbar jijiyarmu. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Wata bakwai ke nan da ɗoriya. A cikin waɗannan watanni muka gane cewa ofishin gwamnati da ba shi da wuta ɗaki ne kawai mai tuta a ƙofa.

A wannan daminar ce matar yayana ta haihu a wata ƙaramar likita ta ƙauye, ba zan faɗi sunanta ba. Wajen ƙarfe biyun dare ne. Ina tsaye waje, gwaggonmu ta leƙo ta ce, "Ba ni wayarka, tawa ta mutu." Da fitilar waya ungozoma ta karɓi haihuwar. Allah ya sa aka rabu lafiya. Da gari ya waye na ɗaga kai, sai ga panno guda shida a jere bisa rufi, ƙura ta yi musu bargo. Na tambayi mai gadi. Ya ce wani furoje ne ya kawo su, sun yi aiki shekara biyu ko uku, batir ya mutu, masu furojen sun tafi, an rubuta takarda an aika sama, shiru kake ji. Firigon allurar rigakafi yana lungu, an mai da shi wurin ajiye rajista.

Ku riƙe wannan rufin a zuciya, za mu dawo kansa.

To mece ce wannan na'ura da Turawan Ingila ke kira fiyul sel? Ni na fi son in ce mata batirin haidurojin, ko da yake ba batir ba ce irin wanda muka sani. Batir ana cika shi da wuta, ya riƙe, a yi amfani har ya ƙare. Ita kuwa ba ta riƙe komai. Ana shigar mata da iskar haidurojin ta gefe ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, su haɗu ta cikin wani siririn shamaki ba tare da an ƙona komai ba, sai wuta ta fito, da zafi, da ruwa. Muddin ana ba ta haidurojin tana ba da wuta. Aka daina ba ta, ta tsaya cak. Kuma ba sabon abu ba ne: wani Bature ɗan Birtaniya, William Grove, ya gwada shi tun 1839, kuma da irinta kumbon Apollo na Amurka ya samu wuta da ruwan sha a tafiyarsa zuwa wata.

Kun ga ke nan ruwan da ƙanena ya gani yana ɗiga ba abincin na'urar ba ne, abin da ta fitar ne bayan ta ci. Abincinta haidurojin. Tambayar da bidiyon bai amsa ba ita ce: a Alela ko Tajaye ko Dogarawa, wa zai kawo shi, daga ina, da nawa?

Inda aka sa ta a ginin gwamnati ta yi nasara, an riga an amsa wannan tambaya tun kafin a sayo ta. A birnin New York akwai ofishin 'yan sanda a tsakiyar babban lambun Central Park da aka girka wa irin wannan na'ura a 1999. Da wuta ta ɗauke a birnin gaba ɗaya a watan Agustan 2003, ofishin nan ya ci gaba da haske. Labari mai daɗi, kuma masu tallar na'urar suna son ba da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne bututun iskar gas yana kai wa har gindinta dare da rana, daga gas ɗin take tace haidurojin. Haka a Japan, inda tun 2009 ake sayar da ƙananan na'urorin gida da ake kira Ene-Farm: gas na zuwa gidaje, kuma zafin da na'urar ke fitarwa suna dumama ruwan wanka da shi. Mu da muke neman inda za mu zubar da zafi a watan Afrilu, wannan rabin ribar ba tamu ba ce.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta fi matsa ƙaimi. A 2015 an ƙaddamar da mai ƙarfin kilowat 100 a ginin ƙungiyar masu haƙar ma'adinai a Johannesburg. A 2020, lokacin korona, gwamnatinsu ta girka wasu a asibitin soja da ke Pretoria, suna aiki da sinadarin metanol. Me ya sa su? Domin yawancin waɗannan na'urori suna bukatar ƙarfen filatinom a cikinsu, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinom ɗin da ake haƙowa a duniya daga ƙasarsu yake fitowa. Duk na'urar da aka sayar, kasuwa ce ta buɗe wa ma'adininsu. Ban zarge su ba, wallahi burge ni suka yi. Sun dubi abin da Allah ya ba su, suka gina dabara a kansa. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, ba mu ɗauko amsar jarrabawar wani mu kwafe ba.

Mu ɗauki hanyoyin da haidurojin zai iya iso mana ɗaya bayan ɗaya. A sayo shi ko a sayo metanol daga waje? Mun ga abin da rufe gadar Gaya ya yi wa kayan da ke biyowa ta Kwatano, har magani sai da ya yi wuya. Wanda ya gudu daga dogaro da layin Katsina ya koma dogaro da tankar da za ta ratso ƙasa biyu ko uku, bai yi nisa ba. A yi amfani da gas ɗin matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ke aiki tun 2011? Akwai nau'in na'urar da ke iya cin irin wannan gas idan an tsabtace shi daga farar wuta, wannan gaskiya ne. Amma gas ɗin nan shi ne muke roƙon iyayenmu mata su koma kansa don a bar sauran itacen da ya rage a Adar, kuma ko yanzu akwai lokutan da mutum zai yi ta yawo da tukunya bisa babur bai samu ba. Ban ga hikimar a sa ofis ya yi takara da murhu ba.

Saura hanya ta uku, wadda ta fi jan hankalin 'yan boko irina: mu yi haidurojin da kanmu, da hasken rana da ruwa. Ana sa wa ruwa wuta, ya rabu biyu, a tara haidurojin a tanki, da dare a ba na'urar ta mai da shi wuta. A takarda abin gwanin kyau. To ga lissafin. Kafin a samu kilo ɗaya na haidurojin ana kashe wutar da ta kai awar kilowat 50 zuwa 55, da ruwa tatacce aƙalla lita 9. In an mai da kilon nan wuta, abin da ke dawowa bai wuce awar kilowat 16 ko 17 ba. Wato ka zuba tiya uku, ka kwashi tiya ɗaya. Batirin litiyom kuwa, ka zuba goma, ya maido maka wajen tara. Idan likitar ƙauye tana bukatar awar kilowat 10 daga magariba zuwa asuba, don fitila da firigo da fanka da na'urar iskar numfashi, da batir za ta nemi rana ta ba ta 11 ko 12. Da haidurojin sai ta nemi wajen 30. Panno ninki uku ke nan, ga na'urar raba ruwa, ga matatar ruwa, ga tanki mai matsi, ga ita kanta na'urar. Kowane ɗaya daga cikinsu abu ne mai iya lalacewa, kuma babu ko ɗaya da za ka samu kayan gyaransa a kasuwar Ƙonni ko a tsallaka Illelar Najeriya, ko ma Sakkwato.

Ga kuma ƙura. Na'urar tana shaƙar iska kamar mutum, kuma hunhunta ya fi namu tsada. Ƙura da hayaƙi mai farar wuta suna lalata ta, sai an riƙa canza matatar iska a kan kari. Ku tuna hazon Disamba da Janairu, ku tuna motocin siminti da na albasa a kan babbar hanya daga Galmi zuwa Tsarnawa. Wanda bai iya sa a share panno shida da tsumma ba, shi ne zai canza matatar iska a kan lokaci?

Kada a ce na ƙi jinin abin. Yana da wurin da ya fi batir, kuma zan faɗa. Zafinmu yana cin batir, ɗakin da ya kai digiri 45 yana rage masa kwana sosai. Batir yana da kyau wajen riƙe wutar dare ɗaya ko biyu, amma in ana son ajiyar mako guda, ko a tara rarar bazara don kwanakin hadari na Agusta, tankin haidurojin ya fi shi, don abin da ke cikin tanki ba ya tsiyayewa da zama. Ba shi da ƙara, ba ya turnuƙe ɗakin haihuwa da hayaƙi kamar gurup. Wani abokinmu ma ya ƙara da nasa dalili, muka yi ta dariya: ya ce aƙalla haidurojin ba ya shiga tankin kabu-kabu, don haka ba zai yi ƙafa da dare ba kamar yadda gazuwal ɗin wasu ofisoshi ke yi. Dariya ce, amma kowa a fadar ya san abin da yake nufi.

Akwai ma abin da ke sa ni kasa rufe ƙofar gaba ɗaya. A Mali, a ƙauyen Burakebugu da ke arewa da Bamako, masu haƙar rijiya a 1987 sun ci karo da iskar da ta kama da wuta. Aka toshe ramin, aka manta da shi shekaru. Daga baya aka gano haidurojin ne kusan tsantsa yake fitowa daga ƙasa, kuma daga 2012 aka fara ba ƙauyen wuta da shi ta hanyar inji. Yanzu kamfanoni a ƙasashe da dama suna neman irinsa. Wannan fage ne da bai kamata 'ya'yan Sahel su zama 'yan kallo a cikinsa ba.

Saboda haka ba cewa nake kada a taɓa ba. Cewa nake a san abin da ake yi: gwaji ne ko kwangila? Gwaji ɗaya, a wuri ɗaya, na yarda da shi har zuciya. Kuma wurin a bayyane yake. A Malbaza aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a ƙarshen 2018, da bashin bankin Exim na Indiya, ita ce irinta ta farko a ƙasar nan, shekara biyar kafin ta Gorubanda mai megawat 30 kusa da Yamai. Ga masu aikin wuta a wurin, ga kamfanin siminti da ya saba da manyan injuna da masu gyaransu. A girka ƙaramar na'ura a gini ɗaya, a kawo ɗaliban jami'ar Tawa da na makarantun koyon sana'a su kwance su ɗaura, a riƙa bayyana wa jama'a nawa aka kashe, sau nawa ta tsaya, me ya tsayar da ita. Bayan shekara biyu ko uku mu zauna mu duba. In ta jure ƙurarmu da zafinmu, ni zan fara rubuta cewa na yi kuskure.

Abin da nake tsoro shi ne ɗaya fuskar. Mun san yadda take zuwa: wani ya dawo daga taro a waje da kundi mai sheƙi, a yi bikin yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a saka a Facebook, mu ma mu yi ta rabawa muna alfahari. Sannan a fara da gidan babba da ofishin babba, don a can baƙi ke sauka. Bayan shekara uku wani ɗan ƙarfe mai kamar kan yatsa ya lalace, kamfanin yana wata nahiya, a rubuta takarda a aika sama. Bambancinsa da rufin da na ba ku labari shi ne wannan karon kuɗin da aka binne ya ninka sau da yawa.

Shi ya sa na ce a hau rufin tukuna. Matsalar ginin gwamnati a yankinmu ba rashin sabuwar fasaha ba ce. Ƙasar nan ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, tun 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance shi shekaru yana ƙera na'urorin dumama ruwa da girki da rana, a lokacin da ƙasashe da yawa ba su ma fara tunanin abin ba. Ilimin ya daɗe a gidan nan. Abin da ba mu taɓa ginawa ba shi ne ɗabi'ar kula da abin da aka girka. Furoje yana biyan kuɗin saye, ba ya biyan kuɗin shekara ta biyar. Kasafin mairi yana da layin gazuwal, da wuya ka ga layin canza batir. Kuma babu mutum ɗaya da za ka nuna ka ce aikinsa ne, shi za a tambaya in fitilar ɗakin haihuwa ta mutu.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: panno da aka haɗa kai tsaye da layin NIGELEC ba tare da batir ba, in layin ya ɗauke shi ma ɗaukewa yake, ko da rana tsaka. Haka aka ƙera shi, don kada ya kashe ma'aikacin da ke gyaran waya. Don haka in kun ga panno bisa rufin ofis kuma aka ce muku "ba kuran, ku dawo gobe", ba lallai ƙarya aka yi muku ba. Tsarin ne aka sayo rabi. Ni kaina na yi kwana uku ina zarya don takardar haihuwa ta wata ƙanwata da za ta ajiye dosiyen jarrabawa. Ma'aikacin yana zaune, kwamfuta tana gabansa, rajista tana hannunsa, na'urar bugawa ce kawai ba ta da wuta. Wutar da ake bukata a wannan ɗaki ba ta kai ta injin niƙa ɗaya ba.

Da ni ake tambaya ta ina za a fara, ba zan yi dogon tunani ba. Ɗakin haihuwa da firigon rigakafi, sannan ofishin takardun haihuwa, sannan famfon da ke tura ruwa sama a tankin gari, sannan ajin da 'yan jarrabawa ke karatun dare. Panno da batirin litiyom a ɗaki mai iska, gurup ya zama na ko-ta-kwana kawai. Kowace kwangila ta zo da kuɗin kulawa na shekaru a rubuce, da sunan mai gyara ɗan yankin wanda za a iya kira ya zo bisa babur a yini ɗaya. Yaranmu da suka koyi aikin wuta suna nan suna gyaran panno na masu shaguna da masu lambun albasa, kuma na masu shaguna ba sa mutuwa shekara uku, don mai shago ya san asararsa. Ofishin babba ya zo a ƙarshe. In ya ji zafi kamar kowa, takardar da aka aika sama za ta fi saurin samun amsa.

Ban san ko akwai wanda ya taɓa ƙirga ba, amma mu za mu iya: gine-ginen gwamnati nawa ne daga Bazaga zuwa Badagishiri ke ɗauke da panno da ba ya aiki, tun yaushe, kuma me ya mutu a ciki? Ba sai an ba mu izini ko kuɗin furoje ba. Waya ce, da littafi, da gaisuwa mai kyau ga mai gadi da majo, don su ma abin yana damunsu fiye da mu. In muka tara, mu kai wa hukumomin gari a rubuce, da ladabi, mu ajiye kwafi.

Ƙanen nan nawa bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce ni tsoho ne tun ban kai talatin ba. Amma ya yarda zai ɗauke ni a babur ɗinsa ranar Alhamis, mu bi ta kasuwar Badagishiri, mu tsaya a kowace likita da makarantar da ke bakin hanya. Shi zai hau rufin, ni in riƙe tsani in rubuta. Ya ce in mun dawo zai sake nuna mini bidiyon, wai ban kalle shi da kyau ba.